A Wanke Sunan Saniyata

Ranar Talata, uku ga watan Maris, da ƙarfe goma saura kwata na safe, maƙwabcina ya tsaya a ƙofar gidana sanye da farar riga irin ta likitoci, ya bugi ƙirji ya ce, "Malam, ka ba ni kwana bakwai, zan gaya wa duniya yawan zafin da saniyarka take ƙara mata." Na duba agogo na rubuta lokacin. Shekara talatin da huɗu ina kiran sunayen ɗalibai, ba a yi mini abu in manta ranar.

Mai karatu, bari in gabatar maka da shi. Gyaran sikeli ne sana'arsa, kuma ban taɓa raina ta ba. Sai aka kai shi wani taron bita na kwana biyu a kan kiwo da muhalli, ya dawo da takardar shaida da farar riga, ya ce daga yau a kira shi Dakta. Unguwa ta ƙara masa da nata, ya zama Dakta Sikeli.

Saniyar kuwa guda ɗaya ce tal, sunanta Ladabi. Ita na saya da na ajiye alli. Madararta jikokina uku suke sha kafin su tafi makaranta, gidaje biyar kuma suna aiko da kwano. Ko kuka ba ta yi sai da dalili.

Kada a ce ina gaba da ilimi. Na karanta cewa shanu suna fitar da wata iska mai ɗumama duniya, kuma mafi yawanta ta baki take fita, wato gyatsa. Na gaya wa Dakta haka tun ranar farko, da na ga ya zagaya bayan Ladabi da ƙatuwar leda da igiya.

"Dakta, ka ɓata hanya. Ta gaba abin yake fita."

"Malam, kai alli ka sani," in ji shi. "Ka taɓa ganin motar da salansarta take a gaba?"

Ya ɗaura ledar a gindin wutsiya, ya ja kujerata ya zauna da littafi. Bayan minti ashirin Ladabi ta cika masa ledar taf. Ya ɗauka da hannu biyu, ya ɗora a sikeli, ya gyara tabarau.

"Kilo huɗu! Ka ga irin nauyin iskar?"

"Dakta, kashi ne."

"Iska ce da ta daskare."

Uwargida, wadda take leƙe ta tagar kicin, ta ce, "To a taimaka a zuba mini daskararriyar iskar a gindin tumatir."

Ranar Alhamis ya dawo ya ce bincike ya nuna masa cewa ta baki abin yake fita. Bincike fa, ba ni ba! Ya zo da bokiti da ya huda gindinsa ya zura tiyo, ya kifa wa Ladabi a fuska. Baiwar Allah ta yi haƙuri na daƙiƙa uku, na ƙirga. Sai ta kaɗa kai sau ɗaya. Bokiti ya haura katanga, Dakta kuma ya zauna daram cikin kwamin ruwanta, ƙafafu a sama.

"Ka rubuta nawa?" na tambaye shi.

"Wannan saniya tana da abin da take ɓoyewa," ya ce, yana matse riga.

Da a nan ya tsaya, da dariya kawai za mu yi. Amma ranar Asabar ya aro wata na'ura a wurin surukinsa mai sayar da iskar gas, irin wadda take ƙara idan tukunya tana yoyo. Ya riƙe ta a ƙirji, ya matso kusa da Ladabi. Na'ura ta ɗauki tsuwa, ƙit ƙit ƙit, ba tsayawa. Ya koma wajen wutsiya, tsuwa. Ya koma wajen ƙaho, tsuwa.

"Har ƙahonta yana yoyo!" ya yi ihu.

Washegari na tarar da takarda a allon sanarwa na bakin layi, da manyan haruffa: SANIYAR MALAM DAIDAI TAKE DA MANYAN MOTOCI SHA ƊAYA. Gidaje uku suka daina aiko da kwano. Telan unguwarmu ya ce tun da aka kawo saniyar yake gumi. Ƙaramar jikata ta dawo daga makaranta da hawaye, wai an ce kakanta ne ya hana ruwan sama. Kwamitin unguwa ya aiko mini da wasiƙa: za a yi gwaji a gaban jama'a ranar Asabar mai zuwa, in abin ya tabbata, in fitar da Ladabi daga unguwa cikin mako guda.

Ranar ta zo. Da la'asar tsakar gidana ya cika, har kan katanga. Shugaban kwamiti ya zauna a kujerata. Matar Dakta tana gaba-gaba, ta sha ado. Dakta ya ajiye rahotonsa mai shafi tara a kan turken Ladabi, ya yi jawabin rabin sa'a, sannan ya rungume na'ura ya nufi saniya. Ƙit ƙit ƙit! Jama'a suka ja da baya, tela ya toshe hanci.

Shugaba ya ce, "Malam, kana da magana?"

"Ina da ita, ranka ya daɗe. Abin da nake koya wa 'yan aji biyar ne. In kana zargin abu, cire shi ka sake gwadawa. A fitar da saniyar."

Uwargida ta ja Ladabi zuwa bayan gida. Na ce Dakta ya sake kunnawa. Ƙit ƙit ƙit.

"Ragowar iskarta ce," in ji shi.

"To mu fita titi."

Muka fita titi, jama'a na biye. Ƙit ƙit ƙit. Muka kai bakin layi, gaban allon sanarwa. Ƙit ƙit ƙit.

"Ta gurɓata unguwar gaba ɗaya!" in ji Dakta.

Na ce, "Kawo in riƙe."

Na karɓa, na yi taku biyar. Shiru. Na dawo kusa da shi, ta fara. Na matsa, shiru. Na kai ta saitin aljihun ƙirjinsa, ta yi kamar za ta fashe.

Shugaba ya ce, "Dakta, me ke aljihun nan?"

"Biro ne kawai."

Matarsa ba ta jira ba. Ta zura hannu ta zaro biro, ta zaro laitar gas mai tsagaggen gindi tana huci, ta zaro rabin kwalin sigari.

"Baban yara," ta ce a hankali, irin hankalin da yake sa namiji neman hanya, "ba kai ka rantse mini ka bar wannan abin shekara shida ba?"

"Kayan bincike ne."

"Za mu ƙarasa binciken a gida."

Muka koma tsakar gida don Shugaba ya yanke hukunci. Uwargida ta riga ta mayar da Ladabi turkenta. Dakta ya ce a dai duba rahoto, akwai alƙaluma. Aka duba turke, ba rahoto. Sai kusurwar shafi na tara muka gani tana leƙe a gefen bakin Ladabi. Ya ruga ya kama, ya kai fuska dab da hancinta yana ja. Ita kuwa ta haɗiye, ta dube shi, ta sakar masa gyatsa mai tsawo har tabaransa ya yi hazo.

Na'urar tana hannuna. Ni mutum ne mai gaskiya, don haka zan faɗa: ta yi ƙit, sau ɗaya. Wannan ne kaɗai awo na gaskiya da aka yi a binciken nan, kuma saniyar ce ta yi shi da kanta.

Kwamiti ya ce Ladabi ta zauna. Kwanuka sun dawo. Wannan ƙit ɗin guda kuma ban yi watsi da shi ba, na kira likitan dabbobi ya gyara mata abinci, kashinta kuma yanzu a rami nake tarawa in rufe.

Amma takardar nan tana nan a allo, yau kwana goma sha tara. Saboda haka ina neman Dakta Sikeli ya cire ta da hannunsa, ya liƙa wata da haruffa masu girman na farko, ba ƙasa da haka ba, zan zo da rula. Sannan ya zo gidana da rana tsaka, a gaban Shugaba da tela da jikata, ya ba Ladabi haƙuri da babbar murya. Kuma ta gaba zai tsaya. Ta baya ya riga ya karɓi amsarsa, kilo huɗu.