Mushe Metodi Yana Neman Mai Haƙora

Madarumfa ta haifi manyan mutane, masunta da malamai da fatake, amma ba ta taɓa haihuwar irin Mushe Inusa ba, kuma da alama ba za ta sake wahalar da kanta haka ba. Ya ƙare lakkwal, wato makarantar boko, ya koyar shekara biyu a Gabi, inda ake ce wa malamin boko Mushe, sannan gwamnati ta ga kansa ya yi wa allo da alli girma, ta tura shi Dakar, daga can ya haye Faransa. Abin da ya je nema kuwa ba ƙarami ba ne. Ya je ne Turawa su koya masa yadda ake binciken Hausa.

Da bazarar 1975 ya dawo. Rana tana ƙona ƙeya, shi kuwa yana cikin bes, wato kwat, da kurawat ɗaure a wuya, gumi yana bin wuyansa, amma ilimi bai yarda ya cire ba. A kafaɗarsa akwai manyeto, na'urar ɗaukar magana, da buhun kaset. Malamarsa, Madam Kolet, ta ba shi wata uku ya ɗauko awa goma na tsantsar maganar Madarumfa, wadda za a gina littafin yaƙi da jahilci a kanta. In ta zo ta samu, ya wuce zuwa digirin dokta. In ba ta samu ba, allon Gabi yana nan inda ya bar shi.

Ranar da ya sauka ya tara masunta a bakin tafki, ƙarƙashin tsamiya, ya yi musu lacca.

"Jama'a," ya ce, "ku magana kawai kuke yi. Ni na karanci magana. Akwai bambanci. Ba banza ba Nasara ya duba yara ɗari a garin nan ya ɗauke ni ni kaɗai. Na yi muku alkawari, wata rana ƙasa duka za ta karanta labarina. Donk, duk abin da za mu yi, da metodi za mu yi shi. Metodi ta ce ba a ƙara wa mai bayani, ba a rage masa. Abin da ya fito daga bakinsa, shi za a rubuta, ko tari ne."

Kafin la'asar sunansa ya koma Mushe Metodi. Masu ƙarin ladabi suna ce masa Dokta Saura Ƙiris, shi kuwa yana amsawa da fara'a.

Metodin nan tana da sharuɗɗa huɗu, kuma ya haddace su fiye da yadda ya haddace Fatiha. Mai bayani sai ya haura hamsin. Sai an haife shi a garin. Sai bai taɓa tafiya ba, don kar harshensa ya kwaso dattin wani wuri. Sannan sai haƙoransa sun cika, don sauti ya fito daidai.

Aka fara da Mamman Sarkin Ruwa, dattijon da ya san sunan kowane kifi a tafkin da sunan kakansa. Mushe Metodi ya zaunar da shi ya ce ya buɗe baki. Sarkin Ruwa ya ɗauka addu'a za a yi masa, ya buɗe. Mushe ya leƙa, ya ƙirga da bakin alƙalami, kamar mai cinikin jaki a kasuwar Safo, ya girgiza kai.

"Uku babu. Ka yi haƙuri, Baba, kimiyya ba za ta iya amfani da kai ba."

Sarkin Ruwa ya rufe bakinsa, bai sake buɗe masa shi ba ko don gaisuwa.

Bala mai taru ya ci jarrabawar haƙora, har da yabo. Sai aka zo tambaya ta uku.

"Ka taɓa tafiya?"

"A'a."

"Ko Najeriya?"

"Haba, mi zai kai ni? Jibiya dai nake zuwa duk mako."

"Jibiya ai Najeriya ce. Ka gurɓace."

"Jibiya ma tahiya ce?" in ji Bala. "Can surukaina suke."

Haka aka yi ta yi. Mai haƙora ya je Jibiya, wanda bai je Jibiya ba ciwon ƙafa ne ya hana shi, kuma ciwon bai bar masa haƙora ba. Wata biyu da rabi suka wuce. Kaset ɗaya tak ya cika, kuma muryar Mushe ce a ciki daga farko har ƙarshe, yana gwada na'ura: "Ni ne Inusa, mai bincike, daga Madarumfa." Ya faɗa sau arba'in da wani abu, kowanne ya fi na baya daɗi a kunnensa. Amma lokaci ya fara ƙurewa. Ya fara mafarkin alli.

Kawu Gambo ne ya ji tausayinsa. Shi ne yayan mahaifiyarsa, kuma a gidansa Inusa ya tashi tun daga yaye.

"Mutum ɗaya na sani a garin ga da ta cika sharuɗɗanka," in ji Kawu. "Nan aka haihe ta, nan aka yi mata aure, ko Maraɗi ba ta taɓa gani ba. Haƙora kuwa har yau da su take fasa goro. Ƙanwata Indo."

"Inna?"

"Ita."

To, metodi tana da sharaɗi na biyar, wanda Mushe bai faɗa a lacca ba: mai bincike ba ya ɗaukar danginsa. Ya yi tunani mai zurfi na kusan minti ɗaya. Sannan ya buɗe kaye, littafin rubutunsa, ya rubuta da kyakkyawan rubutu: "Mai bayani lamba ɗaya. Babu dangantaka da mai bincike."

Ya same ta a tsakar gida tana juya kifi a kan banda. Ya kafa na'ura, ya miƙa mata makirfo, ya gyara murya.

"Sunanki da shekarunki, don Allah."

Indo ta juya fuskarta bango.

Kowace yarinya mai tallan ƙosai a Madarumfa ta san dalili. Inusa ɗan fari ne. Tun ranar da ta haife shi Indo ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban idonsa ba, ba ta taɓa ce masa ci kanka ba. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma shi ma ya san da ita kafin ya hau jirgi. Amma ba ta cikin littafin metodi, don haka ya rubuta a kaye: "Mai bayani tana tsoron na'ura. Alamar rashin wayewa."

Kwana uku yana zuwa. Ya ɗauki ƙarar wuta, ya ɗauki kukan kaza, ya ɗauki atishawar kansa saboda hayaƙi. A rana ta uku kimiyya ta samu jimla ɗaya. Indo ta dubi wata kaza ta ce, "A ce wa wancan ya matsa, hayaƙi zai ɓata mishi rigar Nasara."

Madam Kolet ta iso da hantsi a motar sufurefe, shugaban gunduma. Mushe ya tanadi jawabin maraba na shafi huɗu, amma ita gidan mai bayani ta ce a kai ta. Ta cire takalmi a ƙofa, ta zauna a tabarma, ta gaida Indo da Hausar Damagaram, ta tambayi gajiya da gida da zafi da kasuwa, ba ta tambayi shekaru ba, ba ta leƙa bakin kowa ba. Ta karɓi gutsuren tarwaɗa ta ci. Sannan ta ce wa Mushe ya riƙe makirfo, ta ce, "Inna, tafkin nan yana da haɗari?"

Bakin da ya yi kwana uku a kulle ya buɗe.

"Ga wanda ya san shi babu haɗari, ɗiyata. Amma akwai wanda ruwa ba ya so. Kamar wancan. Yana da shekara tara aka ɗora shi kan gora a koya mishi su. Ruwan iya gwiwa. Tarwaɗa ta taɓa mishi ƙafa, ya kwarma ihu wai dodo, ya fito a guje ya bar wando a cikin tafki. Sarkin Ruwa ne ya tsamo wandon da koma."

Mai bincike ya fara janye makirfo. Madam ta yi masa alama ya riƙe da kyau.

"Daga nan ko kifin miya ya gani sai ya kauda kai. To, shekarar ce kumandan ya aiko kowace unguwa ta ba da yaro ɗaya a kai lakkwal. Kowa ya ɓoye nashi cikin rumbu. Dattawa suka zauna suka ce wa za a bayar wanda ba za a yi asara ba? Ba a daɗe ana shawara ba."

Kawu Gambo, da ke zaune a bakin zaure, ya kama tari.

"Ranar da aka tahi da shi," in ji Indo, tana duban kifinta, "na zaga bayan rumbu na yi kuka har na gode Allah. Ba wanda ya gani. Ba a ganin irin wannan."

Awa huɗu tana magana. Ta yi bayanin banda, da yadda ake raba kamu, da shekarar da tafki ya ja baya, kuma duk inda ta zaga sai ta dawo kan wancan. Da kaset na ƙarshe ya ƙare, Madam ta ɗauki kayen Mushe ta buɗe shafin farko.

"Mushe Inusa, matar nan ta dubi kowa a gidan nan, har kaza, ban da kai. Ta kira sunan rabin gari, ban da mutum ɗaya. Ni a Damagaram aka gaya mini ma'anar haka tun makon farko. Kai kuma ka rubuta babu dangantaka."

"Ai gaskiya ya rubuta, Madam," in ji Kawu. "Ba su taɓa magana ba."

Madam ba ta mai da shi Gabi ba. Ta yi abin da ya fi haka. Ta ce wannan ita ce magana mafi kyau da ta taɓa ji a kaset, ta ƙara masa shekara ɗaya, da sharaɗin ya rubuta awa huɗun nan kaf, kalma kalma, da hawa da saukar murya. Ta tuna masa metodi: ba a ƙarawa, ba a ragewa.

Manyeton ba ta iya magana a hankali ba. Duk daminar nan Mushe Metodi yana zaune yana mai da kaset baya, yana saurare, yana rubutu, masunta kuwa suka gano cewa babu inuwar da ta kai ta ƙofar Kawu Gambo daɗin gyaran taru. Jimlar wando sai da aka maimaita ta sau goma sha ɗaya kafin muryar ta zauna daidai a takarda. Sarkin Ruwa yana zuwa kullum, yana dariya da gibinsa uku a waje.

Bayan shekara biyu littafin ya fito, manya suna koyon karatu da shi daga Safo har Gabi. Sunan Indo yana bango da manyan baƙaƙe. Mushe Inusa ya cika alkawarin da ya yi cewa wata rana ƙasa duka za ta karanta labarinsa. Yana cikin kowane darasi, kuma ko'ina sunansa wancan.