Geron da Ya Tsiro a Falonmu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar kamun Yaya Hafsat, ko da zan yi shekara ɗari ina ƙoƙarin mantawa. 

Mu a cikin gari muke, a gidan kakanmu, gidan da idan ka yi atishawa a ɗakinku mutum goma sha biyu za su yi maka addu'a ta bayan bango. Ɗaki biyu ne namu. Baba tela ne, kuma tun ina aji ɗaya a makarantar kwana ya fara gina mana gida a bayan gari, ta hanyar Sandamu. Duk wanda ya tambaye shi labarin ginin, amsarsa ɗaya ce: "Saura kaɗan." Ni kuwa na ɗauki wannan kaɗan ɗin na tafi da shi makaranta, na yi ta ƙara masa gishiri.

A zangon farko na ce ɗaki huɗu ne. A na biyu suka zama shida. Kafin mu shiga aji biyar gidan ya yi bene, ya yi falo biyu, har da wani famfo a tsakar gida mai fesa ruwa sama (a kalandar wani shago na gan shi, ban ga dalilin da zai hana shi zama namu ba).

Ni kuma ba a biki babu ni. Hutu ɗaya sai in yi anko huɗu. Yau suna a Kongolam, gobe walimar sauka, jibi kai amarya. Tun da shari'a ta zo aka daina jera kujeru a titi ana cashewa, sai shagalin 'yan mata ya koma cikin gidaje, mai babban tsakar gida ta zama sarauniya. Na ci shinkafa a gidan kowa, ba wadda ta taɓa shan ruwa a namu. Idan aka ce yaushe za a zo, sai in ce, "Ku bari mu tare tukuna, fenti ake yi." Fentin nan ya shekara biyu bai bushe ba.

Sai bikin Yaya Hafsat ya taso. Ita ce uwar ɗakina a makaranta, ita ta riƙe ni lokacin da nake kukan gida, kuma ita kaɗai ce ta taɓa zuwa gidanmu na cikin gari ta gaida su Baba. A al'ada, ranar kamu ƙawaye kan ɓoye amarya a wani gida, dangin ango mata su yi ta nema har su kamo ta. Ana shawarar inda za a ɓoye ta, sai Bilki, wata 'yar ajinmu mai baki kamar reza, ta nuna ni ta ce, "Ga gidan su Hajiya mai bene? Ba wanda ya san shi, sai su wuni suna nema."

Kowa ya yi tafi. Yaya Hafsat ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, zai yiwu? Kada ki takura kanki."

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na ji bakina ya ce, "Haba Yaya, gidanki ne."

Ga abin da ya rufe min ido. Rabona da shiga gidan ya fi shekara, biki bai bar ni ba. Amma na wuce ta wajen a mota, na ga katanga ta tashi, an sa ƙofar ƙarfe koriya mai sheƙi. Na manta cewa a garinmu katanga da ƙofa ake fara yi, don a rufa wa abin da ke ciki asiri. Na ce a raina ko babu bene ai akwai ɗakuna, sai in ce benen a baya yake. Ban gaya wa Baba ba, ban gaya wa Umma ba. Makullin ajiya kawai na zare daga ƙarƙashin kwallar Umma.

Ranar Alhamis bayan azahar, tsakiyar damina, muka sauka a ƙofar gidan, mu ashirin da wani abu, cikin anko ruwan hoda, amarya a tsakiya an lulluɓe ta. Na ga ƙofar a sakaye, na ce da ƙarfi, "Masu fenti ne." Na tura.

Gero ne ya tare mu. Gero kore shar, ya fi ni tsayi, tun daga bakin zaure har cikin inda na ce falo ne. Ɗakunan an kai su linta an tsaya, sama ce rufinsu. A ɗakin da na ce nawa ne kuɓewa ce ta yi fure. Inda famfo mai fesa ruwa ya kamata ya kasance, tulin yashi ne da tsohuwar randa.

Ba wadda ta yi dariya. Wallahi da sun yi da na fi samun sauƙi.

Sai geron ya motsa, wani mutum ya miƙe daga sunkuye, fartanya a hannu, wando a naɗe zuwa gwiwa, tsohuwar singileti ta manne masa da gumi. Baba ne. Ashe duk Alhamis yake rufe shago da wuri ya zo nan. Ban sani ba, don ban taɓa tambaya ba.

Bilki ta ce, "Sannu Baba maigadi. Masu gidan fa, ba su gaya maka za mu zo ba?"

Baba ya dube ni. Ni kuma na dubi takalmina. Kalma biyu ce kawai ake nema a wurina, "Babana ne," ni da nake iya surutu daga Daura har Kongolam ban haɗiyi yawu ba. Na yi shiru. Ban san tsawon shirun ba, amma ya isa Baba ya gane.

Ya jingine fartanyar ya ce, "Sannunku da zuwa, 'yan mata. Masu gidan sun kusa tarewa. Ku shigo zaure, shi yana da rufi."

Sai amarya, wadda ba a so ko a ji muryarta ranar, ta matso ta durƙusa har ƙasa, leshinta a cikin laka. Ta ce, "Baba, ina wuni? Hafsat ce. Mun zo maka gida ba sallama, ka yafe mana."

"Lafiya lau, 'yata. Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya."

Na ji idanu ashirin da wani abu sun sauka a ƙeyata. Bilki ta rufe baki, ta durƙusa ita ma, sauran duk suka bi. Ni ce ta ƙarshe.

Baba ya share zauren da kansa, ya aro tabarmi a maƙwabta. A nan aka yi kamun, a matse, gwiwa kan gwiwa. Dangin ango sun sha wuyar nema kam, wannan alkawarin dai gidan ya cika shi. Wata gwaggon ango daga garin Babban Mutum ta leƙa falo ta ce rabonta da ganin gero mai kyan wannan tun tana budurwa, ta tafi da kuɓewa cike da gefen mayafi.

Da aka watse kafin magariba, ban bi mota ba. Na bi Baba a ƙasa, yana tura kekensa. Mun yi nisa kafin ya ce, "An ce min akwai bene."

Na fashe da kuka.

"Bene dai babu. Amma geron nan da kika gani, shi ne kwanon rufin ɗakinki, in Allah ya kai mu kaka." Ya ci gaba da tura keken. "Yarinyar nan da ta kira ni maigadi kuma, kada ki riƙe ta. Ba ta yi ƙarya ba, ni ke gadinsa."

Shirun da na yi bai taɓa ambatarsa ba, har yau. Da ya zage ni da tuni na warke.

An rufa ɗaki biyu bayan kaka, saura kaɗan. Na rage anko, duk Alhamis ɗin hutu ina can da tsohon zane, ni ce mai ɗebo ruwa a randa. Idan an tambaye ni labarin gidanmu yanzu, sai in ce kuɓewa ta yi kyau bana. Idan kuwa wani ya nuna mutumin da ke cikin gero, ba na bari ya gama tambaya. Har wanda bai tambaya ba ina gaya masa, ranar nan mai tallan rake na tsayar na ce masa babana ne.