Rasuwar Firigon Hajiya Hasiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda zafin Afrilu ya ƙarasa dafawa, Hajiya Hasiya Bawa ta Lamorde, tsohuwar malamar lissafi, tana sanar da ƴan uwa da maƙwabta rasuwar firigonta, wato firjinta. Ya cika ranar Talata da la'asar, cikin azumi, a tsaye, kamar yadda ya yi duk rayuwarsa.

Marigayin ya shigo gidan tun Hajiya tana da haƙoranta duka. Bai taɓa neman hutu ba, bai taɓa shiga yajin aiki ba, duk da yana maƙwabtaka da jami'a. Maganarsa ba ta wuce "hmmmm". In ya gaji sai ya ce "kakak", ya girgiza kafaɗa, ya ci gaba. Ya riƙe amanar naman layya da fura da lemu-hari, bai taɓa ɗanɗanawa ba. A ƴan shekarun nan aka damƙa masa babbar amana, allurar ciwon sugan Hajiya, wadda in zafi ya taɓa ta sai ta lalace, in ta lalace kuma Hajiya ce ke biye.

Ciwon ajalinsa korona ce, ko da yake ko tari bai yi ba. Da aka rufe Yamai, aka sallami makarantu, sai masana suka hau rediyo da bushara, wai tunda ma'aikatu sun rage aiki buƙatar wuta ta sauka, za a huta da ɗaukewa. Hajiya ta saurara har ƙarshe. A iya karatunta dai, mutum ba ya daina jin zafi don an koro shi daga biro, wato ofis. Buƙatar nan ba inda ta je, tabarmarta ta naɗe ta dawo unguwa. Kowane ɗaki fanka, kowane yaro tele, har wutar Lamorde ta rame, ƙwan lantarki ya koma kamar garwashi. Sai ta tafi ba sallama, ta dawo a guje kamar an koro ta.

Abin da ya tsare marigayin duk tsawon wannan jinya shi ne regilate, ɗan akwatin nan mai tare wuta in ta zo da hauka. To, babban ɗan Hajiya, Mansur, ƙwararre a wata ƙungiya, ya kwaso bironsa ya girke a falonta. Ranar Talatar yana da taro ta ordinate, wato kwamfuta, da manyan ƙasashen waje, kan juriyar tsarin makamashi a lokacin annoba. Ya ga bai kamata irin wannan taro ya zauna ba kariya ba. Hajiya tana ƙailula ya zare regilate daga bayan marigayin, wai aro ne na ɗan lokaci. Yana tsakiyar bayanin yadda ya kamata a fara kare masu rauni, wuta ta ɗauke, ta dawo. Marigayin ya ce "tas". Ƙauri ya ta da Hajiya.

Ordinate tana nan lafiya lau. An ce jawabin ma ya sha tafi.

Ya rasu ya bar fanka mai ciwon wuya, da tele, da regilate wanda aka mayar masa bayan ya huce, sai Hajiya da allurarta, wadda yanzu ke kwana cikin gwangwani a gindin randa, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Randar uwar Hajiya ce. Ba ta taɓa halartar taro ba.

Kabiru mai gyara na Wadata ya duba gawar, ya ce zuciyar ce ta ƙone, sabuwa kuma tana bayan iyakar da aka rufe. Don haka ba za a fitar da shi ba. Zai ci gaba da tsayuwa inda yake, a zuba masa kwanoni, Mansur ya riƙa ganinsa duk sanda ya ɗaga kai daga aiki.

Babu zaman makoki, gwamnati ta hana taro. Ana karɓar gaisuwa daga bakin ƙofa, da takunkumi a fuska da ƙanƙara a hannu. Wanda ya zo hannu sake, addu'arsa ta isa daga gida.

Nemo ƙanƙarar allura kuwa, safe da yamma kafin dokar hana fita, an ɗora wa Mansur, har ranar da aka buɗe iyaka. Mai son ƙarin bayani kan juriyar tsarin makamashi sai ya tare shi a kan gadar shiga gari. Ba zai ɓace muku ba, shi ne mai sauri da leda a kafaɗa, ruwa na bin bayan rigarsa.