Goron Sallamar Mubarak

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan, ku ara mini kunnuwanku. Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi magana Lome kaf ta ji ni, ni da ko a gidan suna ba na ɗaga murya.

Jikana Mubarak ɗan jarida ne, amma na ƙwallo. Aikinsa ya bi ƙungiya guda duk inda ta sa ƙafa, ya dawo gidan rediyonsu da ke Adidogome ya faɗi wanda ya gurɗe da wanda ke shirin gudu wata ƙungiya. (Tsegumi ne aka yanka wa albashi, amma tunda yana sayo mini maganin ƙafa na yi shiru.) Wanda ya koya masa aikin shi ne Malam Wahabu, shugaban sashen wasanni, Bakotokole mai jin Hausa kamar jakin Kano.

Wata rana yaron yana cin tuwo a ɗakina ya rage murya. "Kaka, wani gidan talabijin a Nyekonakpoe na nema na. Amma ki riƙe bakinki. Ba a sa hannu ba tukuna, kuma mai kujerar, wani Kosi, bai san za a ɗaga shi ba."

Na ce, "Maigidanka fa, ka sallame shi?"

"Tsohuwa kenan. A aikinmu sai komai ya kammala, sannan ka aika masa saƙo a waya."

A waya. Mutumin da ya ɗauke ka ba ka san gaban makirfo da bayansa ba. Mu a Zongo ko yaron tela ba ya barin shago sai an yi masa liberasiyo: manyansa su je da goro da lemo, su durƙusa, maigida ya sa albarka. Wanda ya fita ta taga, allurarsa ba ta ɗinki. Uban Mubarak ya rasu, nauyin a kaina yake. Na kuwa riƙe bakina, ko maƙwabciyata Azumi ban gaya wa ba. (Maigida ai ba ya cikin lissafin mutanen da ake ɓoye wa, haka na yanke ni kaɗai.)

Na shiga kasuwar Asigame na zaɓo goro fari manya, na haɗa da zakara, na hau zemijan, acaɓan Lome, sai Adidogome. Mai gadi ya ga tsohuwa da mayafin Makka, ya rusuna ya nuna mini ƙofa. Akwai jar fitila a kanta tana ci. Na ce a raina, ado.

Na tura na shiga. Ga Malam Wahabu, ga Mubarak, kowa ya toshe kunnuwansa da wasu fayafayai. Jikana na cikin cewa, "Wata majiya ta tsegunta mini cewa mai tsaron gidansu ya kusa tattara kayansa," sai idonsa ya faɗa kaina. Na durƙusa. Malam Wahabu ya hau kaɗa hannu, ya ɗora yatsa a leɓe. Na ɗauka kunya ce, ba ya son babba ta durƙusa masa. Tunda kuma kunnuwansu a toshe suke, na buɗe murya yadda za ta ratsa.

"Malam, ga goro. Ka riƙe maraya, Allah ya riƙe naka. Yanzu masu talabijin sun kira shi, na zo ka sake shi da albarka, kada ya fita kamar ɓarawo."

Zakara ne ya fara samun bakin magana.

Shi kuwa Malam Wahabu, tsohon ɗan jarida, kura ta ga nama. Ya yi murmushi, ya karkato makirfo wajena. "Sannu da hanya, Hajiya. Wane gidan talabijin?"

Na faɗa.

"Kujerar wa za su ba shi?"

Wannan ma na faɗa, har na yi wa Kosi addu'ar Allah ya ba shi wani abin yi. Mubarak ya kifa goshi a tebur.

"To masu sauraro, kun ji daga majiya mai tushe," in ji Malam Wahabu.

Sai a lokacin na tambayi su waye masu sauraro.

Kafin zemijan ya sauke ni, matan layinmu sun cika ƙofar gida. Azumi ta ce, "Hajiya, zakaran ya fi ki iya riƙe sirri, shi sau ɗaya ya yi magana."

Ga yadda kowa ya ƙare. Masu talabijin, waɗanda abincinsu tona asirin 'yan ƙwallo, suka ce ba sa ɗaukar mutumin da gidansu ke yoyo. Kosi, da ya ji makomarsa a rediyon motarsa, bai jira kora ba: ya je wajen Malam Wahabu, aka ba shi kujerar Mubarak. Malam Wahabu ya ci zakara, ya raba goro, albarkar kuma har yau ina jira. Mubarak ya zauna gida damina guda, yana ba 'yan shayi labarin ƙwallo kyauta, kafin masu talabijin su rasa mai cika kujerar Kosi su dawo su kira shi a ɓoye. Ranar da ya fara aiki, a akwatin talabijin ɗin Azumi na gani, kamar kowa.

Ni kuwa na koyi abu biyu a tsufana. Jar fitila ba ado ba ce. Kuma mai sayar da asirin mutane, in nasa ya zube, ya fi kowa kuka. Ƙurunƙus, ku ɗauki wayoyinku, amma wannan kada a tsegunta wa kowa.