Agogon da Ya Hana Sayen Goro

"Lafiya lau, angon banza. Ina gorona?"

Tabawa ba ta ko ɗaga kai daga gyaran zogalenta ba. Kwana tara ke nan da ta aiki jikanta Nassirou ya sayo mata goro a kasuwar Katako. Kullum da safe sai ta gan shi ya gifta ƙofar gidanta a Yantala, ƙato da gemu cikin gajeren wando, ido a kan agogo, ko sannu babu. Goron bai dame ta kamar rashin gaisuwar ba, kuma abin ya kai mata wuya. Sai yau ya shigo gaishe ta, hannu wofi.

"Tsohuwa, yau ma na bi ta Katako. Ba halin tsayawa."

"Kura ce ta biyo ka?"

"Agogo ne. In na tsaya, lissafi ya lalace. Gasar gudun maraton ta kusa, kilomita tamanin nake so kowane sati. Bara minti uku kacal suka hana ni gamawa cikin awa huɗu."

"Da ka gama, raƙumi za a ba ka?"

"Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, Hajiya."

"Au, ni ce susar? To ni da ƙuruciya har Damagaram na je a ƙasa, tulu a kai, na dawo kafin tuwo ya huce."

"Ke da daga ɗaki zuwa randa sai kin yada zango biyu?"

"Amma ina gaida kowa a hanya."

Ta ture faifan, ta dube shi sosai. Ya rame, idanu sun faɗa.

"Kana ɗan shekara bakwai kakan tsere mini a bakin kogi, kana dariya har ka faɗi. Yanzu fuskarka kamar mai zuwa faɗin rasuwa. Yaushe rabon da gudun nan ya yi maka daɗi?"

 Sai idon Nassirou ya sauka a kan tsintsiyar hannunsa.

"Wannan ma agogon za ka tambaya?"

Dariya ta ƙwace masa. Ya kwance agogon, ya ɗaura a siririn hannunta.

"Riƙe mini shi. Fari ko ja?"

"Fari. Ka tsaya ka gaida mai goron kuma."

Ya kai ƙofa ta ɗaga hannu tana duba agogon, ko karanta shi ba ta iya ba.

"In ka wuce awa huɗu, ka ba ni takardata."