Rasuwar Kofin Giyar Pan Mietek

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, Pan (wato Malam) Mietek Dudziak, tsohon direban jirgin ƙasa da ke garin Siedlce, yana sanar da dangi, maƙwabtan lambu da abokan zaman Asabar rasuwar kofin giyarsa, wanda rai ya yi wa halinsa ranar Talata da hantsi a kan teburin kicin, bayan shekara talatin da ɗaya yana bakin aiki.

Marigayin kofin gilashi ne mai kauri, mai mariƙi, mai ɗaukar rabin lita ba tare da ya nuna gajiya ba. Sau uku yana faɗowa daga benci zuwa kan siminti, kuma duk ukun siminti ne ya ji jiki.

Bai taɓa raina abin da aka zuba masa ba. Giyar masu hannu da shuni bai ma san launinta ba. Kowace Asabar Mietek da Lutek wanzami da Czesiek mai walda sukan durƙusa gaban kantar da ke can ƙasa a shagon unguwa, inda manyan kamfanoni ke jibge gwangwanayensu masu araha da ƙarfin tsiya, su zaɓo wadda ba su taɓa gwadawa ba. A ƙarƙashin bishiyar lambu ake juye ta cikin marigayin, ya zagaya hannu zuwa hannu. Mietek yakan ɗaga shi sama ya duba a hasken rana, ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido kamar wanda ake biya don ya yi hakan.

"Akwai ƙamshin burodin jiya," in ji shi, "da ɗan fenti daga ƙarshe."

"Wane fenti, tsoho? Kananzir ne wannan," in ji Lutek.

"To ƙaro mu sake ji," in ji Czesiek, "kada mu zalunci baiwar Allah."

Haka aka yanke wa gwangwanaye fiye da ɗari hukunci, kuma har yau ba a samu wadda ta ci jarrabawa ba, ba a kuma samu wadda aka zubar ba. Duk wanda ya zauna a bencin nan ba zai manta muryar marigayin ba: ƙwal idan ya gaisa da gwangwani, dum idan ya sauka kan katako babu ko ɗigo a cikinsa.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Kowa ya san irin wannan giya ba ta wuce maƙogwaro sai da sanyin da zai kashe harshe, shi ya sa marigayin ya yi rayuwarsa a firiza, kusa da ledar pierogi, ƙullin fulawar nan mai nama a ciki. Ranar Talata mura ta kwantar da Mietek. Matarsa, Pani (wato Malama) Bogusia, ta ɗora masa giya a wuta da zuma da kanumfari, yadda mahaifiyarta ke yi wa mai mura. Shi kuwa da ba ya sha a wani kofi, ya ja silifas ya ɗauko marigayin, fari fat da ƙanƙara.

"Bari ya sha iska tukuna, Mietek."

"Zuba kawai, wannan ya ga abin da ya fi haka."

Ta zuba. Tas! Kalmarsa ta ƙarshe ke nan.

Ya rasu ya bar Mietek, da mabuɗin kwalba guda wanda dama zuwan gwangwani ya sa shi ritaya, da kofunan shayi shida na Pani Bogusia da ba su taɓa shiri da shi ba. Ya kuma bar wani alkawari. Shekara shida da suka wuce, da likita ya danna hantar Mietek ya girgiza kai, Bogusia ta yi kuka a barandar asibiti, Mietek ya kama hannunta ya ce ranar da kofin nan ya mutu, ya daina shan giya. Ya faɗa ne don ya san halin kofinsa da siminti. Ita ma ta sani. Duk da haka shekara shida tana wanke shi da hannu biyu, ba ta taɓa barin ya zame mata ba, kuma wannan ne ya fi ci wa Mietek rai a cikin makokin nan.

Mariƙin bai fashe ba. Lutek ya zo gaisuwa, ya juya shi a hannu, ya rage murya.

"Mutumina, muddin mariƙi na nan, ai kofi bai mutu ba. Czesiek zai liƙa shi jikin wani."

Mietek ya dubi matarsa tana share teburi, ba ta ko ɗago kai ba. Ya karɓe mariƙin ya jefa cikin kwalin takalmin da sauran gutsattsarin suke.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe uku, a gindin bishiyar lambu, kuma da mariƙinsa za a binne shi. Czesiek zai zo da shebur. Pani Bogusia za ta kawo shayi a cikin kofunanta shida, waɗanda aka roƙa kada su nuna murna a fili. Ba a buƙatar furanni, ba a buƙatar gwangwani.

Mai makoki yana ƙara sanar da cewa benci na nan inda yake, Asabar mai zuwa da wadda ke bayanta. Bai san me ake ɗanɗanawa a cikin shayi ba, bai kuma san ko akwai mai zuwa dominsa ba. Yana dai roƙon a zo, ko da babu komai a leda.