Sifirin Akori-kura a Motar Bature

Motata ta farko, wadda na saya a hannun wani Bature da zai bar Gusau, ba ta da sifirin. Iska ke ɗauke da ita. In ka tada ta sai ta miƙe a hankali kamar raƙumi. Na daɗe ina son ganin abin da ke ƙarƙashinta, don haka ran da bayanta ya ƙi tashi har daɗi na ji.

Bakanike ya ce in jira kaya daga Kano. Ni akawu guda, in zauna jira? Na sayo sifirin wata matacciyar akori-kura, na yi wuni biyu a ƙarƙashin mota ina kwancewa ina mamaki, har na ɗaura mata shi. Kusoshi huɗu suka yi saura, na ce Turawa dai akwai son ƙari.

Washegari na ɗauko surukina daga Tsafe, shi zai raɗa sunan jikansa a Bungudu. Ramin farko, bayan mota ya yi sama, kan surukin nawa ya daki rufi. Abin ya ɗaure mini kai, har na nemi wani ramin in ga ko za ta sake. Ta sake kuwa.

A Kwatarkwashi ya ce, "Tsaya nan, ɗana." Ya fito, ya naɗe rawaninsa da ya warware, ya leƙa ƙarƙashi.

"Wa ya yi aikin ga?"

"Ni ne, Baba."

"Madalla. Ni zan jira lori."

Sai da azahar aka raɗa sunan. Har yau dangin matata Injiniya Kwaɗo suke ce mini, kuma duk wanda zai shiga motata sai ya fara cire hula.